Kafin ka zagi injin motarka, je ka ƙirga haƙoran aksul

Jama'a masu Hilux da Land Cruiser ta ɗaukar kaya, musamman ku da motarku ba ta san kwalta ba sai burji da yashi da taɓo, akwai wata magana da ta daɗe tana damuna. Mutum zai sayi mota lafiya lau, abu na farko ya cire tayoyin da ta zo da su ya sa manya don ta ƙara tsayi, ya ƙara ganyen sifirin a baya, ya yi mata keji na ƙarfe, ya ɗora buhu goma sha biyar na masara, sannan bayan wata biyu ka ji shi a gareji yana cewa injin ya mutu, mota ba ta ja, kuloci yana ƙauri, tana shan mai kamar me. Sai a sauke injin da ba shi da laifin komai. A canza ringi, a wanke nozul, a sa sabon kuloci, kuɗi su tafi, mota ta fito tana nan yadda take. Kuma a duk wannan hidimar ba wanda ya sunkuya ya dubi aksul, alhali can matsalar take.

A cikin tulun nan na aksul akwai haƙora iri biyu da suke cin juna. Akwai babban faranti da bakanikai ke ce wa kurawun, akwai ƙaramin da farfela, wato sandar da ke kawo juyi daga giyabos, ke juyawa, shi ne finiyan. In ka ƙirga haƙoran babban ka raba da na ƙaramin, abin da ya fito shi ne rashiyon aksul ɗinka. 41 da 10 ya ba ka 4.10, 43 da 10 ya ba ka 4.30, 41 da 9 ya ba ka 4.56, 39 da 8 kuma 4.88, sai 37 da 7 da yake 5.29. Ma'anar 4.30 ita ce sai farfela ta juya sau huɗu da ɗan ɗori kafin taya ta zagaya sau ɗaya. Duk yadda lambar ta ƙara girma, ƙarfin da ke isa taya ya ƙaru, gudun ƙarshe kuma ya ragu. Duk ɗan acaɓan da ke dakon kaya a ƙauye ya san wannan ko bai taɓa riƙe biro ba, shi ya sa yake sa babban sufuroket a baya, ya yarda gudu ya ragu amma babur ya tashi da buhu uku ba gardama.

To ga inda ake yin asarar. Kamfani ya zaɓi rashiyo ne daidai da tayar da ya sa. Ɗauki Hilux da ta zo da taya 205R16, tsayinta wajen inci 29, a ce aksul ɗinta 4.30 ne. Kai kuma ka sa 285/75R16 wadda ta kusa inci 33. Ba ka taɓa injin ba, ba ka taɓa giyabos ba, amma a wajen mota kamar ka mayar da aksul ɗin 3.78 ne, wato ka zubar da wajen kashi 12 cikin ɗari na ƙarfin da ke isa ƙasa, a kowace giya, har da ribas. Kuma ita babbar tayar ta fi nauyi, sai injin ya ƙara wahala kafin ya juya ta. Sannan ka ɗora lodi a kai. Ta ina za ta ja Malam?

Lissafin gyaran ba wuya: sabuwar taya a raba da tsohuwa, a ninka da rashiyon da kake da shi. 33 a raba da 29 a ninka da 4.30, ya ba ka 4.89. Ka ga 4.88 ke nan ya mayar da motar daidai yadda ta fito daga kamfani. In kuma 265/75R16 ka sa, mai inci 31 da rabi, lissafin zai faɗi wajen 4.7, tsakanin 4.56 da 4.88, kuma nan ne ra'ayina yake da ƙarfi: in motar lodi ce, hau sama, kada ka sauka. Ɗauki 4.88. Mai motar gayu da ke yawo ba komai a bayanta sai tabarma da kula, shi 4.56 ya ishe shi. Amma kai da kullum bodi a cike, kana tashi daga cikin gona ƙasa ta jiƙe, ɗan ƙarin nan shi ne bambancin ka saki kuloci mota ta tafi da ka riƙe shi rabi kana ba ta wuta har sai ƙaurinsa ya cika gaba.

Na san abin da za a ce, ai babbar lamba shan mai take sa mota. Wannan maganar gaskiya ce ga motar da ba kaya a kan titi mai kyau, amma ba gaskiya ba ce ga motar lodi. Duba: a gudun kilomita 100, giya ta biyar mai wajen 0.84, taya 33, aksul 4.30, injin yana juyi kusan 2,300 a minti. Injin fetur na 2.7 ɗin nan da ya cika Najeriya, 2TR, ƙarfinsa na ja bai cika ba sai ya doshi 4,000. To a 2,300 da tan ɗaya a baya, da iska ta ɗan taso ko hanya ta ɗan yi tudu sai ta fara shaƙewa, dole ka dawo ta huɗu, kuma a ta huɗu juyin ya haura 2,700. Wanda ya sa 4.88 yana zaune a ta biyar a wajen 2,600, ƙafarsa ba ta danne totur har ƙasa ba. Wa ya fi shan mai a cikinsu? Direbobi da yawa da ke cewa motarsu ba ta son giya ta biyar, ba giyabos ba ne, taya ce ta fi ƙarfin aksul. In kuma motar otomatik ce abin ya fi muni, don ita ba za ta yi maka ƙorafi ba, za ta yi ta hawa da sauka tsakanin giyoyi man giya yana dahuwa a hankali har ranar da za ta ƙi tafiya.

Su kansu Toyota haka suke lissafi. Land Cruiser 79 da ta fito a 1999, mai injin gas ɗin nan 1HZ, silinda shida, 4.2, ba tabo, ƙarfin jansa 285 Nm (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin ja), da 4.30 suka haɗa ta. Da suka kawo V8 mai tabo a 2007, wanda ke ba da 430 Nm tun daga juyi 1,200, sai suka sauko 3.91. Injin mai ƙarfi tun daga ƙasa ba ya buƙatar aksul ya taimake shi sosai, mai rauni kuwa dole. Don haka kada wani ya ce maka ga lambar da ta fi kowacce, sai ka tambaye shi wane injin, wace taya, wane lodi, wace hanya.

Kuma hanya tana da tata maganar. Wanda ke bin Agadas zuwa Dirku, sama da kilomita 600 cikin hamadar Tenere, ko masu kai kaya wuraren haƙar zinare tun da na Jado ya ɓulla a 2014, motarsa tun kafin a sa kayan haya ta riga ta ɗauki duro na mai da jarkokin ruwa da safaya biyu. Rairayi mai laushi yana shanye ƙarfin mota ba hutawa, kuma abin da ya fi tsoro shi ne ka zo canza giya a tsakiyar hawa, daƙiƙa ɗayan nan da ka taka kuloci mota ta tsaya ta nutse. Abin da yake buƙata shi ne giya ɗaya ta iya riƙe juyin injin tun daga gindin tudu har kansa, kuma aksul da taya ta fi ƙarfinsa ba zai ba shi haka ba. Amma fa shi ma kada ya zarce, don yashi yana son ɗan gudu, ga kuma filin da ake shimfiɗa tafiya awa da awanni, in lambar ta yi yawa injin zai yi ta ihu lagireto yana tafasa a wurin da ruwa ya fi mai tsada. Kuma duk rashiyon duniya ba zai fitar da wanda ya ƙi rage iskar taya ba.

Mai hawan Mambila daga Mayo Selbe nasa daban ne. Injin da ba tabo yana rasa wajen kashi goma na ƙarfinsa a duk mita dubu da ya hau saboda iska ta yi sirara, to ka haɗa wannan da kashi 12 ɗin da taya ta cinye. Sannan gangarowa, wanda ni a wurina ya fi hawan haɗari. Babbar lamba tana sa injin ya riƙe mota da kyau in ka sa ta a giya ta biyu, ba sai ka kwanta a kan birki har ya yi zafi ya daina kamawa ba. Mutane ba sa kawo wannan a lissafi sam, sai maganar gudu kawai, alhali rayuka ne a saman lodin nan.

Akwai masu cewa ai ga ogzileri, wato giyar ƙarin ƙarfi, in ta ƙi ja sai a sa 4L, inda tayoyi huɗu ke ja da ƙarfi amma a hankali. Haka ne, kuma yana aiki: giya ta ɗaya mai 4.31, a ninka da 2.57 na ogzilerin Hilux, a ninka da 4.30, injin zai juya wajen sau 48 kafin taya ta juya sau ɗaya, da 4.88 kuma ya kai 54. Amma 4L na fita daga rami ne da tsallake kwazazzabo, ba za ka yi tafiyar kilomita tamanin a kan burji mai tauri da fowil, wato jan tayoyi huɗu, a kulle ba. Yawancin wahalar kuloci a 2H ake shan ta, wato tafiyar yau da kullum da tayoyin baya kaɗai ke ja, a tashi da tsayawa, a kasuwa, a shingen hanya, a gindin gada.

Sai 5.29. Ni ba na ba mai lodi shawararsa sai in tayarsa ta kai inci 35, kuma gaskiya taya 35 a ƙarƙashin Hilux mai ɗaukar kaya ban ga amfaninta ba. Finiyan mai haƙora 7 ƙarami ne, haƙoran da ke cin juna a lokaci ɗaya kaɗan ne, ranar da taya ta yi ta juyawa a taɓo sannan ta cafki dutse farat ɗaya da nauyi a kai, nan haƙori ke ɓallewa.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne na masu sayen aksul na hannu. Na baya ya lalace, a je Ƙofar Ruwa ko Panteka a ɗauko wani ɗan Beljiyam, kusoshi sun zauna, shi ke nan an ɗaura. Ba wanda ya tambayi lambarsa. Mota tana tafiya lafiya a 2H wata da watanni, ranar da aka sa fowil sai ta fara ƙugi tana turjewa, don gaba 4.30 ne baya 4.56, a duk mita ɗari tayoyin gaba suna neman su riga na baya da mita shida. A cikin yashi tayoyi za su ɗan zame su ɓoye abin, a ƙasa mai tauri kuwa wani abu ne zai karye, ko sarƙar tiransifa mai raba ƙarfi gaba da baya, ko shaf. Gaba da baya dole su zama lamba ɗaya, babu kusan-kusan. Dubawar kuma kyauta ce: ɗaga taya ɗaya da jak, giya a firi, yi wa farfela alama da alli, juya tayar zagaye biyu cif kana ƙirga juyin farfela, abin da ka samu shi ne rashiyon. In aksul ɗin mai kulle kansa ne sai a ɗaga duka biyun a juya zagaye ɗaya. In an riga an buɗe tulun kuwa ƙirga haƙoran da yatsa ya fi komai tabbas.

Haɗin ma ba na kowane bakanike ba ne, kuma ba raini a ciki, kowa da fanninsa. Tazarar da ake bari tsakanin haƙoran a aksul ɗin Toyota mai inci 8 ba ta kai kashi biyu cikin goma na milimita ba, da agogon awo ake saita ta, a shafa fenti a haƙora a ga inda suke taɓa juna, a ɗaure boris daidai ƙa'ida. Wanda ya ce maka da kunne yake saitawa, ɗauki motarka ka yi gaba. Bayan an haɗa, kilomita 800 na farko a bi ta a hankali ba lodi mai nauyi, sannan a zubar da man a sa sabo mai lamba GL-5. In ka ratsa rafi da damina ka buɗe ka duba, in man ya koma kamar madara ruwa ya shiga.

Abu ɗaya da nake roƙon kowa ya riƙe, canza rashiyo ba ya ƙara wa mota yawan abin da za ta iya ɗauka. Hilux motar tan ɗaya ce ko ƙasa da haka, da direba da mai da komai. Buhu goma sha biyar masu kilo ɗari-ɗari tan ɗaya da rabi ne. Da 4.88 za ta ja su, har ka ji daɗi ka ce a ƙara biyu, amma birkin nan shi ne dai, shasi shi ne dai, kuma a aksul ɗin Hilux na baya shaf ɗin da ke juya taya shi ne kuma ke ɗauke da nauyin, in ya karye taya na iya fita gaba ɗaya da mota tana tafiya. A 79 nauyin a kan bututun aksul yake zaune, shaf juyi kawai yake yi, shi ya sa ta fi jure wahalar sahara, ba wai don sunanta ba.

Wanda kuma aljihunsa bai kai ya canza haƙora gaba da baya ba, don aikin ba arha ba ne, ga kaya ga boris ga kuɗin gwani, to ya bar manyan tayoyin nan. Ya koma girman da motar ta zo da shi ko wanda ya ɗara kaɗan, ya nemi mai kauri mai jure lodi, irin 7.50R16 da 79 ke sawa in motarsa 79 ce, 205R16 mai alamar C in Hilux ce. Tsayin da taya 33 ke ƙara wa tulun aksul a kan ta 29 inci biyu ne kacal.