An ce a kame kai, to wa zai zauna da mai kamewar?

Duk wanda ya daɗe yana zuwa coci ya san wa'azin aure da jima'i kusan kansa ɗaya ne: kwanciya ta ma'aurata ce, namiji da mace, wanda bai yi aure ba ya kame kansa. Ni kam ba ni da rigima da wannan koyarwar, tana nan a rubuce tun Farawa 2:24 inda aka ce mutum zai bar uwa da uba ya manne wa matarsa su zama jiki ɗaya, Yesu ya sake jaddada ta a Matiyu 19, Ibraniyawa 13:4 ma ta ce a girmama aure a kiyaye gadon aure da tsarki. Inda nake da magana shi ne abin da ke faruwa bayan an ce amin. An gama gaya wa mutum ya kame kansa, an yi addu'ar rufewa, masu iyali kowa ya tattara nasa ya tafi, shi kuma ko ita sai komawa ɗaki babu mai cewa yaya ka kwana har wata Lahadin. A ganina wannan koyarwa ba za ta tsaya da ƙafarta ba in babu zumunta ta gaske a bayanta, kuma ikkilisiyar da ke neman kamun kai daga mutane amma ba ta zama dangi gare su ba, to ta faɗa cikin abin da Yesu ya zargi malaman Attaura da shi a Matiyu 23:4, wato ɗaura wa mutane kaya masu nauyi alhali su ko da yatsa ba sa taɓawa.

Mu fara duba su waye ma ke zaune a kan bencin nan. In ana maganar marasa aure hankalinmu sai ya tafi kan samari da 'yan mata masu jiran lokaci, kamar dai kowa layi yake bi kuma layin zai zo kansa. Ba haka ba ne fa. Akwai gwauruwar da mijinta ya rasu tana da sauran ƙuruciya, akwai wadda miji ya gudu ya bari da yara, akwai wanda aurensa ya mutu, akwai wadda ta haura arba'in ba wanda ya fito kuma ba laifinta ba ne, akwai mai auren da matarsa ke kwance ba lafiya shekara da shekaru. Dukansu an ce su kame, kuma da yawansu suna ƙoƙari iyakar ƙarfinsu, amma je ka duba tsarin shekara na yawancin majami'u, taron ma'aurata ne, makon iyali ne, ranar iyaye ce, sai ƙungiyar matasa wadda in ka wuce wani shekaru kunya ma za ta hana ka zama a ciki. Wanda bai shiga ko ɗaya ba sai ya zama baƙo a gidan Ubansa.

Abin mamakin shi ne wanda muke bi ɗin, wato Yesu, bai yi aure ba. Manzo Bulus ma lokacin da yake rubuta 1 Korantiyawa 7 ba shi da mata, har cewa ya yi da ma kowa kamarsa yake, sannan ya ce kowa da irin baiwar da Allah ya ba shi, wanda ba zai iya daurewa ba ya yi aure don gara aure da ƙunar sha'awa. A Matiyu 19:12 Yesu ya yi maganar waɗanda suka haƙura da aure saboda Mulkin Sama. Amma bai tsaya nan ba, kuma wannan ne wurin da muke tsallakewa. A Markus 3 da aka ce masa ga uwarka da 'yan'uwanka a waje, ya dubi na zaune kewaye da shi ya ce ga uwata ga 'yan'uwana. A Markus 10:29-30 kuma ya yi alkawari cewa wanda ya bar gida ko dangi saboda shi zai sami ninki ɗari tun a wannan zamani, gidaje da 'yan'uwa maza da mata da uwaye da 'ya'ya. Tun a wannan zamanin fa ya ce, ba sai an je sama ba. To daga ina waɗannan gidaje da uwaye za su fito in ba daga cikin ikkilisiya ba? Ashe kenan in gwauruwa ta kwana uku ba lafiya babu wanda ya leƙo, alkawarin Yesu ne muka riƙe a hannunmu muka hana shi isa.

Tarihi ma ya nuna Kirista sun daɗe suna karkata, yau nan gobe can. A ƙarshen ƙarni na 4 wani mai suna Jobiniyan ya ce budurwa da gwauruwa da matar aure ladansu ɗaya in dai sun yi baftisma kuma ayyukansu ɗaya, aka yanke masa hukuncin ɓata a Roma da Milan, malamin ikkilisiya Jerom ya rubuta masa raddi a 393 mai zafin da ya ƙasƙantar da aure har abokansa suka yi ta ƙoƙarin janye kofen daga hannun jama'a. Wajen 401 bishop Agustin ya zo ya ce a'a aure abu ne mai kyau, ya lissafa alherinsa uku, 'ya'ya da aminci da alkawarin da ba ya warwarewa, duk da shi ma yana ganin zaman rashin aure ya fi. Sai a 1525 Martin Luther wanda da can ɗan zuhudu ne ya auri Katharina von Bora, gidan fasto mai mata da yara ya zama abin koyi a wurin Furotesta, Katolika kuma a taron Trent a 1563 suka sake tabbatar da fifikon zaman budurci, suka kuma wajabta ɗaura aure a gaban firist da shaidu. Yanzu a majami'u da yawa mun karkata har mun wuce, wanda bai yi aure ba ana masa kallon wanda bai cika mutum ba, ba a ba shi dattijo, ba a neman shawararsa, addu'ar da ake masa kullum ɗaya ce, Allah ya kawo nagari. Da Bulus zai nemi aikin fasto yau ina tsoron kwamiti zai fara tambayarsa ina madam.

Su ma ma'auratan ba wai sun tsira ba ne. Ana ɗaura aure sai a yi shiru, kamar duk matsala ta ƙare ranar biki. Littafi Mai Tsarki bai ji kunyar maganar ba, Waƙar Waƙoƙi littafi ne guda cur a kan soyayya da sha'awar miji da mata, amma yaushe rabon da ka ji an yi wa'azi a kai? 1 Korantiyawa 7:3-5 kuwa in an karanta rabi ake karantawa, a ce mace ba ta da iko da jikinta sai mijinta, a haɗiye sauran inda Bulus ya ce haka ma miji ba shi da iko da jikinsa sai matarsa, kuma ko ƙaurace wa juna don addu'a sai da yardar su biyun. Haka ake yi wa Afisawa 5, a ɗauko aya ta 22 a kan biyayyar mata, a bar ta 21 da ta ce ku yi wa juna biyayya, a bar ta 25 da ta ce miji ya ƙaunaci matarsa kamar yadda Almasihu ya ba da ransa. Shi ya sa mace za ta zo da kumburin fuska a ce mata je ki yi haƙuri ki ƙara addu'a, shi kuma yana nan yana karɓar baiko ranar Lahadi. Titus 2 ta ce tsofaffin mata su koya wa ƙanana zaman aure, wannan aikin zumunta ne, ba na mimbari ba, kuma in manya sun yi shiru waya ba ta yin shiru, yaro zai koyi jima'i a wurin masu fim ɗin batsa tun kafin wani a coci ya buɗe baki.

Sai maganar horo, wadda ita ce ta fi ci mini rai. Yarinya ta yi ciki, ciki kuwa ba ya ɓoyuwa, nan da nan a cire ta daga kwaya a hana ta Jibin Ubangiji a sanar a gaban jama'a, wanda ya yi cikin kuma in ɗan wani ne ko mai ba da kuɗi da yawa ne sai a ce ana bincike. Wannan ba sabon abu ba ne, a Yahaya 8 mace kaɗai aka jawo gaban Yesu aka ce an kama ta tana cikin yin zina, alhali Littafin Firistoci 20:10 da suke jingina da shi ya ambaci namijin da macen duka. Ita kaɗai ta yi zinar? Kuma horo mafi tsanani da Bulus ya umarta a kan fasikanci, a 1 Korantiyawa 5, a kan namiji ne wanda ke zama da matar ubansa. Sannan a 2 Korantiyawa 2:6-8 ga shi yana cewa game da wani da aka hora, hukuncin ya isa haka, ku yafe masa ku ta'azantar da shi kada baƙin ciki ya haɗiye shi. Galatiyawa 6:1 ta ce a komo da wanda ya faɗi cikin tawali'u. Mu kuwa mun iya sanar da ranar da horo ya fara, amma ba mai zuwa gidan yarinyar a watannin da ke tsakani. In kuma laifin na manya ne sai a rufe, duniya ta ga haka a binciken jaridar Boston Globe na 2002 kan firistocin Katolika da ake sauya wa wurin aiki bayan an kai ƙararsu kan lalata da yara, ta sake gani a rahoton 2022 kan shugabannin ɗarikar Southern Baptist a Amurka da suka yi ta kau da kai daga koken waɗanda aka ci zarafinsu. Ba matsalar ɗarika ɗaya ba ce. Yakubu 5:16 ta ce ku furta wa juna zunubanku, to amma wa zai furta in ya san kafin dare maganar ta shiga guruf ɗin WhatsApp da sunan "mu sa 'yar'uwa a addu'a"?

Na san wani zai ce wannan ai sassauci ne, ana so a buɗe ƙofa. Gyara kayanka dai ba ya zama sauke mu raba. Yesu ya ce wa matar nan je ki kada ki ƙara yin zunubi, bai canza sunan laifin ba, amma sai da maganarsa ta sa masu neman jifanta suka watse tukuna. Ko a maganar da ta fi raba kan Kirista a zamaninmu, wato auren jinsi, abin haka yake. A taron Lambeth na 1998 bishop-bishop na Angilika sun zartar da ƙuduri mai lamba 1.10 da ƙuri'a 526 a kan 70, suka ce aure tsakanin namiji da mace ne kuma wanda ba a kira shi ga aure ba ya kame kansa, amma a cikin wannan ƙudurin dai suka yi alkawarin sauraron masu sha'awar jinsinsu, suka ce Allah yana ƙaunarsu kuma duk mai bi da aka yi wa baftisma cikakken gaɓa ne a jikin Almasihu. Daga baya kai ya rabu, Angilika masu riƙe da koyarwar da aka gada suka yi nasu taron mai suna GAFCON a Urushalima a 2008, a Disamban 2023 fadar Paparoma ta fitar da takardar da ta ba da damar sa wa masu zaman tare na jinsi ɗaya albarka ba tare da kiran abin aure ba, yawancin bishop-bishop na Katolika a Afirka suka ce su ba za su yi ba. Ni ina tare da koyarwar da aka gada, amma na lura masu kare rabin farko na ƙudurin nan da ƙarfi ba kasafai suke tuna rabi na biyu ba. Mutumin da ke fama da wannan sha'awa kuma ya zaɓi ya bi koyarwar ikkilisiya, an nemi ya haƙura da aure watakila har ƙarshen ransa, in abin da zai samu a wurinmu ba'a ce daga mimbari da gudu daga 'yan'uwa to me muka ba shi a madadin abin da muka ce ya bari?

Wani kuma zai ce in aka cika cuɗanya tsakanin masu aure da marasa aure jaraba za ta shigo. E, tana iya shigowa, amma kaɗaici ma ai ƙofar jaraba ce, kuma ta fi faɗi. Bulus bai ce wa Timoti ya guji mata ba, cewa ya yi ya ɗauki tsofaffi kamar uwaye, ƙanana kamar 'yan'uwa mata da dukan tsarki. Matar auren da ke kallon kowace gwauruwa a matsayin mai zuwa ƙwace mata miji, da mijin da ba zai iya gaisawa da 'yar'uwa ba sai da wata manufa, su ne ke buƙatar gyara, ba wai a ƙara nesanta gwauruwar ba.

Ikkilisiyar farko ba ta bar wannan a hannun "in Allah ya sa wani ya tuna" ba. A 1 Timoti 5 har rajistar gwauraye ake da ita da sharuɗɗanta. A Ayyukan Manzanni 6 da masu jin Helenanci suka yi gunaguni cewa ana manta da gwaurayensu wajen rabon yau da kullum, manzanni ba su ce musu ku daina ƙorafi ku yi addu'a ba, taro suka kira aka zaɓi mutum bakwai aka danƙa musu aikin, kuma in ka duba sunayen, su Istifanas da Filibus har zuwa Nikolas, duka sunayen Helenanci ne, alamar daga ɓangaren masu kukan aka ɗebo su. To kwamitin aure da na horo a majami'unmu su waye a ciki? Kusan kullum maza ne masu aure, su ne za su yanke hukunci a kan yarinyar da ta yi ciki da matar da ta gudo daga duka da gwauruwar da ke son sake aure. A sa gwauruwa a wannan kwamitin, a sa wadda ba ta taɓa aure ba, a sa wanda aurensa ya mutu ya kuma tsaya da aminci, sannan duk wanda aka sa a horo a rubuta sunan dattijo ko dattijuwar da za ta riƙa zuwa wurinsa kowane mako tun ranar da aka sanar, da ranar da za a zauna a sake duba maganarsa.