Kiɗan ya zaga duniya, sunan mai gogen ya tsaya a ƙauye

Ba'amurken da ya kalli talabijin a shekarun 1990 da wuya a ce bai san kiɗan tallar naman shanu ba, wanda ke sukuwa kamar dawaki sun tsinke. Ka tambayi masu ilimin cikinsu na wane ne, su ce na mai tsara kiɗa Aaron Copland ne, sashen da ake kira "Hoe-Down" daga wasan rawar Rodeo na 1942. Sun faɗi gaskiya, amma ba su ƙarasa ta ba.

A 1937 Alan Lomax da matarsa Elizabeth suka shiga tsaunukan gabashin jihar Kentaki da na'urar naɗar sauti, suna tattara kiɗan karkara domin ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka. A yankin Salyersville suka sami wani dattijo mai goge irin na Turawa, William Stepp, ya goga musu "Bonaparte's Retreat", wato ja da bayan Napoliyon. Tsohon kiɗa ne da masu bincike ke dangantawa da ƙasar Ayalan, kuma makaɗa sun saba jan sa a hankali, da takun sojan da aka ci da yaƙi. Stepp ya sassauta tsirkiyar ƙasa tana gurnani, yadda ake yi wa wannan kiɗa, sannan ya yi abin da ba a saba ba: ya zuba masa gudu har ya koma na rawa. Masaniyar kiɗa Ruth Crawford Seeger ta bi faifan sauti bayan sauti ta rubuta, aka buga a littafi a 1941. Daga nan Copland ya ɗauka, kusan ba canji.

Ban kira Copland ɓarawo ba, aikin gwani ya yi. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda masu bin salsala ke tsallake mutumin tsakiya, su ruga neman saiwa mafi tsufa, su ce "ai na gargajiya ne, ba na kowa ba". To, Stepp ma gado ya yi, na yarda. Amma abin da ya ja hankalin Copland ai gudun nan ne da kwalliyar, kuma daga yatsun Stepp suka fito.

Stepp ya rasu a 1957. Sai a 2013 hukumar Grammy mai ba da lambobin yabo na kiɗa ta sa faifansa cikin jerin waɗanda take karramawa. Duk ƙungiyar makaɗan da za ta kaɗa "Hoe-Down" yau, ya kamata ta buga sunansa a takardar shiri, kusa da na Copland.