Mijin Ma'aji

Alhaji Tanko: Ranka ya daɗe ƙara na kawo. 'Yan ƙungiyar nan masu farar mota sun naɗa matata ma'ajin kwamitin ruwa, ko sallama ba a yi min ba.

Maigari: Ai ba aure aka ɗaura mata ba Alhaji, kuɗin gyaran famfo zata riƙe.

Alhaji: Ni da na shekara biyar ina riƙe da kuɗin nan?

Maigari: Shi ma famfon shekararsa biyar bai ɗigo ba.

(Fadawa suka sunkuyar da kai, wai tari ya kama su.)

Alhaji: Toh a tambaya a ji, da aka ce Jigawa ce jihar farko a Najeriya da ta daina bahaya a fili a 2022, masan wa aka fara haƙawa a garin nan? Nawa! Har siminti na sa. Yanzu in na shiga majalisa sai yara su ce ga mijin ma'aji nan, ni da na je Makka sau biyu, ga haƙorina.

Hajiya Ladi: Ranka ya daɗe ni fa ban nema ba wallahi. Sun zo sun ce mu mata mu ke shan wahalar ɗebo ruwa don haka mu riƙe, suka ɗau hoto suka kafa allo suka tafi, ba wanda ya zauna da mazanmu, taro kuma sai su sa shi lokacin ɗora tukunya, ba ko sisin albashi, ni aka bari da wutar. Kwana uku Alhaji baya cin tuwona.

Alhaji: Ina ci. Bana dai yabawa.

Ɗan garuwa (daga bakin ƙofa, ba wanda ya kira shi): Ni ma tunda aka gyara famfon ko jarka ɗaya ban sayar ba.

Maigari: Kai jira layinka. Alhaji me kake so?

Alhaji: Muƙami. Wanda ya fi nata, da rawani.

Maigari: An naɗa ka Sarkin Layi, kullum da asuba kai zaka jera bokitai.

Alhaji: Madalla! Akwai alawus?

Maigari: Sai ka rubuta takarda, in ma'aji ta sa hannu.

Hajiya Ladi: Sai ya yabi tuwon tukuna.