Wayarin Babur da Wulaƙancin Bakin Gareji

Ranar Asabar na tura babur ɗina da ƙafa cikin rana har garejin mai wayarin, saboda hayaƙi ya taso daga ƙarƙashin kujera bayan gyaran da shi da hannunsa ya yi. Babur ɗin tsoho ne amma injinsa lafiya lau yake. Wutarsa ce ta daɗe tana ba ni wahala, yau batir ya sauka, gobe ƙwan fitila ya ƙone, jibi hon ya shaƙe, kowane mai gyara kuma sai ya yanke waya, ya ƙulla wata, ya naɗe da salatif, ya miƙo hannu.

Na yi sallama, ya amsa ba tare da ya ɗaga kai daga wayar salularsa ba. Na buɗe murfin gefe na nuna masa jar wayar batir da ta narke, na ce, "Malam, ina fis ɗin da yake nan?" Ya leƙo daga inda yake zaune ya ce, "Baba, yankewa yake ta yi, shi ya sa na haɗa maka kai tsaye." Na ce masa fis ba ya yankewa haka kawai, yana yankewa ne domin akwai wayar da ta goge tana taɓa ƙarfen babur, aikin mai gyara kuwa shi ne ya bi ta har ya gano wurin, domin wanda ya cire fis ya bar wa wuta hanyar tanki. Na tambaye shi ko ya auna caji, tunda batir mai bolt 12 ya kamata ya nuna tsakanin 13.5 da 14.5 idan an ɗan ja wuta, idan ya haura 15 kuwa rektifaya, wato na'urar da ke daidaita wutar caji, ce ta lalace, ita ce ke ƙona ƙwai tana dafa batir. Ashe ko mitar auna wuta ba shi da ita. Gwajinsa duka shi ne ya karta waya a jikin ƙarfe ya ga ko za ta yi tartsatsi. A irin wannan ƙirar, koriyar waya ita ce ta at, wato wadda ake haɗawa da ƙarfen jikin babur, ja ta batir, baƙa ta bayan makulli, amma shi baƙar waya iri ɗaya ya zuba ko'ina, ta yadda duk wanda zai duba bayansa sai dai ya yi lalube.

Sai ya ajiye salular, ya dube ni daga sama har ƙasa, ya ce, "Baba, in ka iya, me ya kawo ka? Wannan gwangwanin ka kai wa 'yan jari bola, ka sayi sabo ka huta." Yaransa suka kwashe da dariya. Kafin in ce uffan ya ƙara da cewa idan ina son a taɓa shi, in kawo kuɗin sabon wayarin gaba ɗaya da kuɗin aiki tun kafin ya tashi. Yaron da na haifi kamarsa, shi ya ɓata, shi ya zage ni a gaban jama'a, kuma shi ne mai yanka mini farashi!

In sayi sabo da wane kuɗi? Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, darajar naira kuma ta faɗi, sabon babur ya haura naira miliyan ɗaya, saboda haka malamin makaranta da manomi da ɗan acaɓa ba su da zaɓi illa su lallaɓa tsohon da ke hannunsu. A daidai wannan lokaci aka bari kasuwa ta cika da jabun kaya: wayar da cikinta alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe, rektifayar da ba ta kai wata, batirin da ke mutuwa kafin damina ta fita. Waɗannan kayan ta tashoshin jiragen ruwa da kan iyakoki suke shigowa, a gaban jami'an da ake biya albashi domin su tantance su. An bar makarantun koyon sana'a sun lalace, babu mai tambayar wanda ya kafa rumfa a bakin titi inda ya koyi aikin wuta, talaka kuma bai san ofishin da zai kai ƙara ba idan babur ɗinsa ya kama da wuta da 'ya'yansa a baya. Mu ma da muke biya muna cewa "Allah ya isa" a zuci, mu ne muka koya musu cewa za su ɓata abin hawan mutum, su ci mutuncinsa, gobe kuma su tarar da layi a ƙofar garejinsu.