Maganar kwaroron roba da muke jin kunyar yi a Zariya

Jama'a assalamu alaikum. Na san wasu za su ce na zo da rashin kunya, toh su yi haƙuri, ni dai gara a zage ni da a ci gaba da gano wa matan aure kanjamau a wajen awon ciki alhali ko zaure ba sa leƙawa sai da izinin miji.

Zina haramun ce, babu mai halatta ta, kuma duk wanda ya tsaya kan iyalinsa su ma suka tsaya a kansa, an gwada kowa lafiya lau, ya toshe babbar ƙofar. Amma mu da muke zaune a garin nan mun san ba kowa ke kamewa ba, daga Samaru zuwa Kongo, Kwangila, Sabon Gari da daddare, kuma kar wani ya ce baƙi ne kawai, har da namu na cikin ganuwa masu manyan riguna. Wanda shaiɗan ya riga ya ja, laifinsa tsakaninsa da Allah ne, amma don me zai kwaso cuta ya kai wa baiwar Allah da ke gida tana jiransa da abinci a rufe?

Abin da ya fi ci min rai shi ne sabo. Mutum zai sa roba ranar farko da ta biyu, da an yi wata guda sai ka ji "ai mun saba", ko "ke ba ki yarda da ni ba ne?", shi ke nan an ajiye. Wani kuma da ido yake gwaji, ya ga yarinya ɓul-ɓul fata na sheƙi ya ce wannan ba ta da komai. Wallahi ƙwayar nan tana iya shekaru a jikin mutum ko ciwon kai bai yi ba. Kuma makonnin farko bayan kamuwa, lokacin ne ta fi yawa a jini ta fi saurin yaɗuwa, lokacin ne kuma gwaji zai iya nuna babu komai. In ka yi magana a majalisa a ce maka tsautsayi ba ya wuce ranarsa, kaman ba addinin nan ba ne ya ce ka ɗaure raƙuminka sannan ka yi tawakkali.

Binciken ƙasa na NAIIS da aka yi a 2018 ya nuna kusan mutum miliyan 1.9 ke ɗauke da ita a Najeriya. A tsakanin 'yan shekara 15 zuwa 49, mata kashi 1.9 cikin ɗari, maza 0.9. Ninki biyu fa. Halittar mace ta fi saurin ɗauka, balle in akwai ciwon sanyi ko wani gyambo a gaba da ba a yi magani ba ana ta jiƙe-jiƙe, amma ni a ganina rashin bakin magana ya fi komai. Wace mace ce a Tudun Wada ko Ƙofar Doka za ta kalli maigida ta ce ya sa roba ko su je gwaji, ko da ta ga saƙonni a wayarsa da idonta? Ranar za ta kwana gidansu, iyayenta ma su ce ita ce mara kunya.

Sai masu cewa ai mu muna da kaciya. Gaskiya ne gwaje-gwajen da aka yi a Afirka ta Kudu da Kenya da Yuganda tsakanin 2005 da 2007 sun nuna kaciya na rage wa namiji haɗarin ɗauka daga mace da kusan kashi 60. Ragewa aka ce. Kuma in shi ne mai ɗauke da ita kaciyarsa ba ta kare matarsa.

Ita robar, in ana sa ta kullum daga farko har ƙarshe tana rage haɗarin da wajen kashi 80 tsakanin mace da namiji, matsalar tana wajen "kullum" ɗin da kuma yadda ake riƙe ta. Wani zai bar ta wata uku a walat yana zama a kai, ko cikin akwatin babur a zafin Afrilu, wani ya shafa basilin ko man gyaɗa bai san mai yana cinye roba ta fashe ba, wani ya haɗa biyu wai don ƙarin tsaro alhali gugar juna ke yaga su. Ranar lalacewa ma da ke jikin ledar ba mai dubawa.

Gwajin kafin aure abu ne mai kyau, Kano ma ta mai da shi doka a 2024. Amma don Allah waliyyai ku daina karɓar takardar da ango ya zaro daga aljihu, a je tare a yi a gaban juna, in da hali a maimaita bayan wata uku. Mai ƙara aure kuma ya tuna ba amarya kaɗai ake karewa ba, akwai uwargida da jaririn da ke bayanta.

In kuma an samu ɗaya na da ita ɗaya babu, ba dole aure ya mutu ba. Maganin kyauta ake bayarwa a asibitocin gwamnati, wanda ya riƙe shi kullum har ƙwayar ta daina nunawa a gwajin auna yawanta a jini ba ya sa wa abokin zamansa ta hanyar kwanciya. Kafin a kai nan roba ce kariyarsu, a cikin aure na sunna, ina abin kunya a nan?

Wannan kuma kowa ya riƙe: in roba ta fashe, ko Allah ya kiyaye an yi wa yarinya fyaɗe, akwai maganin gaggawa da ake kira PEP, ana sha kwana 28, amma sai an fara cikin awa 72, in son samu ne a ranar. A garzaya asibitin Shika ko na Gambo Sawaba ko asibitin da ya fi kusa. Kar a tsaya taron dangi ana shawarar yadda za a rufa asiri sai an kwana huɗu a ɗauko yarinya a kai wa likita.