Ba a ba kura ajiyar nama

Assalamu alaikum wa rahmatullah, 'yan'uwa.

An ruwaito cewa wata rana Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi, Allah Ya ƙara masa yarda, ya tambayi waɗanda ke zaune tare da shi: idan na zaɓo mafi alherin wanda na sani a cikinku na naɗa shi a kanku, na kuma umarce shi da adalci, shin na sauke nauyin da ke kaina? Suka ce ƙwarai kuwa. Ya ce a'a, sai na duba aikinsa na ga ko ya yi abin da na umarce shi ko bai yi ba.

Wannan magana ce ta riƙa yi mini yawo a rai da nake bibiyar abin da ya faru a rundunar sojin Kanada. Ƙasa ce mai nisa, amma ciwon da ya kama su ba baƙo ba ne a ko'ina ake da babba da ƙarami.

A shekarar 2015 wata tsohuwar alƙaliyar Kotun Ƙolin ƙasar, Marie Deschamps, ta yi bincike ta ce cin zarafi ta hanyar lalata ya yi katutu a rundunar, kuma da yawa daga waɗanda aka zalunta ba sa kai ƙara saboda tsoro. Ta ba da shawarar a kafa cibiyar karɓar koke mai zaman kanta a wajen rundunar. A shekarar ne Janar Jonathan Vance ya zama babban hafsan hafsoshi, ya ƙaddamar da gagarumin shiri na kawar da wannan ɓarna. Aka yi ta lacca, aka yi ta rantsuwa. Shekara guda bayan haka, hukumar ƙididdiga ta ƙasar ta gano cewa fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da ke aikin soja na dindindin sun ce an taɓa cin zarafinsu a bakin aiki. Akwai maza ma a cikin waɗanda abin ya shafa.

Sai ga shi a farkon 2021 zargi ya faɗo kan shi Janar Vance ɗin. Mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi. A watan Maris na 2022 ya amsa laifin yunƙurin kawo cikas ga shari'a a gaban kotu, domin ya nemi wata jami'a da ke ƙasa da shi ta ɓoye wa masu bincike gaskiyar abin da ke tsakaninsu. Ba don na yi masa dariya na kawo sunansa ba, wallahi, kowa na iya faɗuwa idan Allah bai riƙe shi ba. Abin da ya tsaya mini shi ne shekara biyar da 'yan watanni gyaran yana hannunsa, kuma ba a naɗa wani mai sa ido na musamman daga waje da zai riƙa cewa kawo littafin mu gani ba.

Ɗan'uwa, ka kwatanta a ranka. Yarinya ce ƙaramar soja tsaye a ƙofar ofishin kwamandanta, ta gyara hula, ta ƙame, ta sara masa. Wannan mutumin shi ke sa hannu a takardar hutunta, shi ke rubuta ko ta cancanci ƙarin girma, shi ke iya tura ta wani bariki can ƙuryar ƙasa. Wanda ya taɓa ta kuwa abokinsa ne, tare suka yi makarantar horo, tare suke cin abinci da rana. Da wane baki za ta fara? An koya mata tun ranar farko cewa na gaba ba a musa masa. Biyayyar da ake buƙata a fagen daga ita ce kuma ta zama igiyar da aka ɗaure mata harshe da ita.

Gwamnatin Kanada ta amince a 2019 ta ware dala miliyan 900 na kuɗin ƙasar domin biyan diyya, kuma kusan mutum 19,000 suka miƙa takardun neman haƙƙinsu. A Disamban 2021 ministar tsaro Anita Anand ta fito ta nemi afuwa a bainar jama'a. Neman afuwa abu ne mai kyau, amma malamanmu sun karantar da mu cewa tuba tana da sharuɗɗa: a daina, a yi nadama, a ƙudurta ba za a koma ba, idan kuma akwai haƙƙin wani a mayar masa. Tubar mutum ɗaya tsakaninsa ne da Ubangijinsa. Tubar runduna guda kuwa, mai dubban mutane da makamai da sirri, wa zai shaida an daina?

Nan ne aikin wata tsohuwar alƙaliyar, Louise Arbour, ya burge ni. A watan Mayun 2022 aka fitar da rahotonta mai shawarwari 48. Ta ce a cire shari'ar laifukan fyaɗe da makamantansu daga hannun soja a mayar kotunan farar hula. Shawararta ta ƙarshe kuwa ita ce a naɗa mai sa ido daga waje wanda zai bi diddigin sauran shawarwarin, domin ta ga yadda na baya suka kwanta a kan kanta suna shan ƙura. A Oktoban shekarar aka naɗa Jocelyne Therrien, wadda ta daɗe tana aiki a ofishin babban mai binciken kuɗin gwamnati, ta riƙa fitar da rahoto duk bayan wata shida kowa ya karanta: wannan an yi, wannan an fara, wancan har yanzu ana jan ƙafa. Ba ta da ikon hukunta kowa, kuma minista ne ya naɗa ta, don haka ban ce an kai gaci ba. Amma ko ba komai an samu idon da ba ya sara wa janar.

Wasu za su ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, bare ba zai gane sha'anin soja ba, kuma bincike zubar da mutuncin manya ne. To ku tuna da Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, gwarzon Ƙadisiyya, ɗaya daga cikin goman da aka yi wa bushara da Aljanna. Yana gwamnan Kufa, sai mutanen garin suka kai ƙararsa Madina. Umar bai ce ai Sa'adu ya fi ƙarfin zargi ba. Ya tura a bincika, aka bi masallatan Kufa ɗaya bayan ɗaya ana tambayar jama'a a kansa. Mutane suka yi ta yabonsa, mutum guda ya tashi ya yi masa ƙazafi, daga baya kuma Umar da bakinsa ya ce sauke shi da ya yi daga muƙamin ba don gazawa ko ha'inci ba ne. Da an rufe maganar a ɗaki, da zargin ya bi shi har kabari. Binciken nan na fili shi ya wanke shi. Gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba.

Mu ma nan gida ba mu tsira ba. A 2016 ƙungiyar Human Rights Watch ta tattara bayanan mata da 'yan mata 43 a sansanoni bakwai na 'yan gudun hijira a Maiduguri, waɗanda suka ce waɗanda aka damƙa wa amanar tsaronsu ne suka ci zarafinsu, ciki har da shugabannin sansani da 'yan sintiri da 'yan sanda da sojoji. Mata ne da suka tsere wa Boko Haram da goyo a baya. Ina girmama sojojinmu da ke kwana a daji domin mu yi barci, Allah Ya kare su, kuma saboda wannan girmamawar ce nake cewa bai kamata a bar ɓata-gari su fake a bayan kakinsu ba.

Kada kuma mu ɗauka maganar bariki ce kawai. Makaranta, Islamiyya, ofis, shago, gidan da aka kawo 'yar aiki daga ƙauye, duk inda abincin wani ke hannun wani, jarrabawar tana nan. Mun iya cewa a rufa asiri. Rufin asiri gaskiya ne a addini, amma ga wanda ya yi saɓo tsakaninsa da Allah ya ɓoye. Wanda ya danne 'yar mutane da ƙarfin muƙami, rufa masa asiri buɗe masa ƙofar ta gaba ne. Allah Maɗaukaki Ya faɗa a Suratun Nisa'i, aya ta 148, cewa ba Ya son bayyana mummunar magana sai ga wanda aka zalunta. Shi da kanSa Ya ba ta izinin ta faɗa. Mu su wa da za mu toshe mata baki, har wani ya ƙara da cewa in ɓera da sata daddawa ma da wari?

Na taɓa zama a wani zaure da aka yi irin wannan sulhu. An shimfiɗa tabarmi bayan Isha'i, dattawa suka jeru, wanda ake zargi yana zaune kusa da yayansa, kuma yayan nasa ne ke jagorantar zaman. Uban yarinyar ya sunkuyar da kai yana murza bakin rigarsa, don a gonar mutumin yake ƙodago. Aka ce Baba ka yi haƙuri, ka bar wa Allah, aka tura masa ambulan a ƙarƙashin tabarma, aka shafa fatiha. Yarinyar tana bayan ƙyaure, ina hango yatsun ƙafarta ta ƙasan labule, babu wanda ya ce a kira ta a ji ta bakinta. Ni ma ban ce ba. Ina da baki a wurin, na san hanyar ofishin 'yan sanda, na san ayar nan da na kawo muku yanzu, amma na ji nauyin manya na yi shiru.

Ya Allah Ka yafe mini shirun wannan dare, Ka bi wa yarinyar nan haƙƙinta, ita da duk wadda ke tsaye a ƙofar wani ofis yanzu haka tana neman bakin da za ta fara magana. Amin.