Katun na tsere da sihiri ba shirme ba ne

Mutane da yawa suna ɗaukar gajeren katun na barkwanci, irin wanda wani ke bin wani da gudu yana kaɗa sandar sihiri, a matsayin shirmen da aka zana wa yara ba tare da tsari ba. Wannan fahimta kuskure ce.

Daga shekarun 1930 zuwa na 1950, a gidajen sinima na Amurka ake haska irin waɗannan finafinai kafin babban fim, manya da yara suna kallo tare. Tsawonsu yakan kai minti 6 zuwa 7, kuma da yake hoto 24 ke wucewa cikin daƙiƙa ɗaya, fim na minti 7 ya haura hoto 10,000, aka kuma zana motsin da hannu. Darakta kan rubuta lokacin kowane tsalle da faɗuwa a takarda domin su dace da kiɗa, saboda jinkirin hoto kaɗan yana iya kashe dariyar gaba ɗaya.

Shi ma sihirin yana da doka, kuma a ganina nan ne gwanintar take. Sai an fara nuna wa mai kallo yadda sandar ke mayar da mutum kwaɗo, sannan ta kuɓuce ta faɗa hannun wanda ake kora. Mai kallo yana dariya ne domin ya riga mai korar sanin abin da zai same shi.